Nagoggo Ta Zaɓi Takarda

Shekarar da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, kwanonin fenti suka cika kasuwar Kankiya, ƙwarya kuwa ta zama abin zuba wa kaji dusa. Wannan abu ya ƙona wa Nagoggo rai ba kaɗan ba. Ita ce mai zanen ƙwarya ta ƙarshe a rugarsu da ke bayan Mawashi, kuma zane talatin da 'yan kai da ta gada wurin uwarta duk a kanta suke. Ɗiyarta Haulatu ta ƙi koyo, wai wuƙar zane mai zafi tana ɓata hannu. Ga gara tana cin tsofaffin ƙore, ga malamin asibiti ya ce yanar ido ta fara rufe wa Nagoggo gani.

To, Nagoggo ba irin matan da ke zama su yi tagumi ba ce. Ranar kasuwa tana gama sayar da nono ta miƙe sai rumfar Gajere, mai sayar da kayan 'yan makaranta.

"Takarda nike so, ɗaurarra, wadda ba ta watsewa," in ji ta.

Gajere ya dube ta sama da ƙasa. "Inna, wa za a sa makaranta?"

"Ba kowa. Zanen uwata zan sa ciki."

Ya danne dariya, ya miƙo mata littafin rubutu mai layi. Ta kai shi dab da hancinta, ta ture.

"Wanga wani ya riga ni, duk ya ja mai shinge. Kawo mai fili."

Ya kawo wani. Ta lasa yatsa ta murza gefen takardar, nan take ta huje. Gajere ya ɓata fuska, ita ko a jikinta. Sai da ya tono wani faffaɗan littafi daga ƙasan kwali, mai takarda kamar ƙosasshen ganye, sannan ta gyaɗa kai.

"Saura fensir," ya ce, ya fiƙe mata ɗaya. "Gwada mu gani."

Ta zauna a bakin rumfar, ta ɗora littafin a cinya. Hannu bai manta komai ba. Ya zagaya, ya karya, ya sake zagayawa, har mutum biyu suka tsaya kallo. Gajere ya daina murmushi.

"Kai, Inna, wanga zane ya yi kyau."

Nagoggo ta duba. Ta karkata littafin wajen rana, ta sake dubawa. Farar takarda kawai take gani. Abin da ta zana yanzun nan yana gaban kowa, ban da ita. Tsoro ya kama ta, irin wanda ba ta taɓa ji ba, don ta ɗauka tana da sauran shekara biyu ko uku kafin idon ya rufe.

Ta miƙa masa fensirinsa.

"Abinka ba shi da ƙarfi. Ina mai saida tawadar allo?"

"Can bayan 'yan goro. Amma Inna, tawada in ta zauna ba ta goguwa."

"Wa ya ce maka gogewa zan yi?"

Ta biya kuɗin littafin, ta je ta sayi tawada mai kauri da alƙalamin kara mafi faɗin baki. A gindin bishiyar da ta ajiye ƙwaryar nononta ta buɗe shafi na biyu, ta ja layi baƙi ƙirin. Wannan kam ta gan shi, dishi-dishi. Ba ta tashi ba sai da ta gama zane uku, don ba ta san iya kwanakin da idon zai ƙara ba ta ba.