Layi na Uku

Darakta Sambo ya dangwala yatsa a kan allon kwamfutar, ya tambayi ma'aikacinsa Lawan wane ne wannan mai farar hula.

Lawan ya ce ɗan takara na uku ne. Shi ya ƙirƙiri wasan, bayan ya koya wa kansa sarrafa na'urar daga wani tsohon littafi da ya saya a Kasuwar Barci. Mai wasa zai ɗauki ɗan takara, ya yi ta raba alkawarin famfo da kwalta da taki unguwa-unguwa, sannan 'yan ƙananan mutane su fito a allon, kowa ya bi layi bayan hoton wanda yake so, kamar yadda ake zaɓe a lokacin. Gobe Kwamishina zai zo ofishinsu na wayar da kan jama'a ya ƙaddamar da wasan.

"Na uku? Soja sun ce jam'iyya biyu, kai ka buɗe taka a cikin kayan gwamnati? So kake a kwashe mu gaba ɗaya?"

Lawan ya rantse cewa mai farar hular bai taɓa cin zaɓe ba, kuma ba zai ci ba. Ya ba da labarin ranar zaɓen kansila a Unguwar Shanu: mai gidan da yake haya yana wannan layi, surukin Lawan ɗin yana wancan, kowanne yana hararsa. Sai ya koma gindin mangwaro ya tsaya, ya tarar da mutane dam a wurin, waɗanda su ma ba su bi kowane layi ba, har aka gama ƙirga. Don su ya yi mai farar hula, su ma su sami bayan da za su tsaya.

Darakta ya ce ba tarihin surukinsa ya tambaya ba. Ko ya cire mutumin kafin la'asar, ko ya ajiye makullin ɗakin kwamfuta ya nemi wani aikin, don akwai masu digiri da ke jiran kujerar.

Cire shi bai yi wuya ba. Lawan ya goge hoton, ya kunna wasan. Layuka biyu suka cika yadda aka saba, amma mutanen mai farar hula suka fito suka yi cirko-cirko a tsakiyar allo, ba su da inda za su. Ya kira Darakta ya gani.

"Tura su layi mana."

"Wanne, ranka ya daɗe?"

Darakta bai san jam'iyyar da Kwamishina yake so a zuciyarsa ba, kuma ba a tambayar irin wannan. Ya ce to a share su kawai, ai zane ne, ba 'ya'yan kowa ba. Ya fita.

Lawan ya daɗe yana kallonsu. In ya tura su layi, ya yi musu ƙarya. In ya share su, ya ce ke nan ba a taɓa yin su ba, alhali shi ma ya tsaya a cikinsu. In kuma ya bar su, to matarsa Hansai da yara za su koma ƙauye cin tuwon wansa. Ya je ya yi azahar a masallacin bayan ofis, ya ci ɗanwake ba tare da ya ji ɗanɗanonsa ba, ya dawo ya zauna.

Bai tura su ba, bai share su ba. Launinsu ya canza, ya mayar da su baƙi wuluk, daidai da bangon allon.

Da la'asar Darakta ya dawo, ya gyara babbar riga, ya buga wasan da kansa. Ya yi wa Rigasa alkawarin asibiti, ya yi wa Unguwar Sarki alkawarin fitilun titi. Gajerun layuka biyu suka fito, tsakiyar allo fes, babu ko ɗigo. Sai na'urar ta yi shiru na ɗan lokaci kafin ta faɗi wanda ya ci.

Darakta ya tambayi me take jira.

"Ƙirga take yi, ranka ya daɗe," in ji Lawan. "Kowa da kowa take ƙirgawa, sannan ta faɗi na layi biyun."

Darakta bai saurari ƙarshen maganar ba, don ɗan takararsa ne ya ci. Ya dafa kafaɗar Lawan yana murmushi.

"Ka gani? Yanzu ya yi kama da zaɓen gaske."