Jan Ƙyallen Tabkin Maidawa

Duk wanda ya je Tabkin Maidawa, can bayan garin Maraɗi in an kama hanyar Jiratawa, zai tarar da allo a bakin shiga ɗauke da tarihin wurin. Ni na rubuta shi, kuma abin da na ɓoye ya fi abin da na rubuta yawa.

Asalin wurin lambun kakana Maidawa ne, da rijiyoyi uku a ciki. Wata damina Gulbi ya yi ambaliya ya cika kwarin, ruwan kuma ya ƙi tafiya. Lambu ya zama tabki, rijiyoyin suka koma ƙarƙashin ruwa da bakinsu a buɗe. Ko'ina ruwan iyakarsa ƙirji, amma wanda ya taka bakin rijiya sai dai a tsamo gawarsa. Shi ya sa kakana ya kafa turke a bakin kowace, ya ɗaura jan ƙyalle. Da ya rasu babana Gado ya gaji aikin. Kowace shekara in gero ya shiga rumbu sai ya sabunta turakun, ya yanka jan zakara a gindin tsamiya, don shi har yau a kan al'adar kakanni yake, ba ya salla.

Ni kuwa lakwal, wato makarantar boko, ta kawo ni Maraɗi, na zama Mushe Idirisa kamar yadda ake kiran 'yan boko, na auri Nafisa 'yar Sabon Gari, na yi gida a unguwar Zariya. In an tambayi asalina sai in ce wajen Jiratawa, in yi maza in sauya zance.

Da aka kafa kwamiti don mayar da tabkin wurin shaƙatawa, da rumfuna da masu tsire da kwale-kwale biyu, sai aka sa ni ciki, wai ni ne ɗan yankin mai ilimi. Ranar da muka je duba wurin, shugaban kwamiti Alhaji Zakariya'u, wanda kuma kawun matata ne, ya nuna turakun da baki ya ce ba za a kawo iyalan mutane su yi wanka a tsakiyar tsafi ba. Kowa ya juyo yana kallona. Abin da zan ce bai fi kalma biyu ba: rijiyoyi ne. Amma duk wanda ya san da rijiyoyin, ai za a tambaye shi ɗan wane ne. Sai na ji bakina yana cewa a tuge su. Na lallashi kaina da cewa shekara hamsin ai yashi ya daɗe da cike su.

Kashegarin ƙaramar Salla aka buɗe wurin. 'Yan kabu-kabu sai sauke mutane suke, har daga Tibiri, yara suna ta faɗawa ruwa da sababbin kayansu. Da hantsi sai ga Baba da sandarsa. Ya daɗe yana duban ruwan, sannan ya dube ni, ina cikin rumfar manya da shaddata da ta sha guga. Ya tuɓe rigarsa, ya ninke ta a gindin tsamiya, ya shiga ruwan yana taka ƙasa a hankali, ya tsaya inda ya kai masa ƙirji. Duk yaron da ya doso wurin sai ya tare shi da sanda ya juya shi.

Mutane suka yi ta dariya, wasu suna ɗaukar hotonsa da waya, wata ta ce taɓaɓɓe ne. Alhaji ya tambaye ni ko wane ne wancan, na ce wani tsoho ne na ƙauyen nan. Nafisa, wadda duk shekara take cin geron tsohon, ta dube ni ta sunkuyar da kai. Tun da uwata ta haife ni ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, amma ban tashi daga kujerar ba.

Sai gab da magariba, da aka watse, ya fito. Mutum ɗan shekara saba'in da wani abu, fatarsa duk ta yamutse, ƙafafunsa suna rawa. Na zagaya ta bayan tsamiya, inda ba mai ganina, na miƙa masa rigarsa.

"Idi, ban taho in ɓata maka biki ba," in ji shi. "Amma rijiyoyin ukku ne, ni kau ɗaya ne. Na tsaya bakin wadda ta hi zurhi, sauran biyun da ido na tsare su. In gobe ma za a buɗe, ka maido turakun."

Da safe na saro turaku uku, na sayo jan yadi, na shiga ruwan da su a kafaɗa. A nan na tsaya cak, don ban san inda rijiyoyin suke ba. Dole Baba, da zazzaɓi a jikinsa, ya sake tuɓe riga, ya kama hannuna yana laluben ƙasa da ƙafa.

Muna kafa na biyu sai ga Alhaji a bakin ruwa. Ya ɗaga murya ya ce, "Mushe, ashe ka san tsohon?"

Kafin in buɗe baki Baba ya riga ni.

"Bai san ni ba, Alhaji," ya ce. "Wuri kawai nika gwada mishi."