Babban Baƙo a Gidan Rabe Mahauci

Dakta Badamasi ya yi shekara goma sha ɗaya yana koyar da ilimin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi a jami'a, a Dutsin-Ma. Ya san aikinsa, ba mai musu a kan wannan. Aibinsa ɗaya ne, kuma ba ƙarami ba: bai yarda akwai abin da zai tafi daidai in ba shi ya sa hannu ba.

Cikin ɗaliban da yake duba wa aikin kammala digiri na biyu akwai Halimatu Sa'adiya, yarinya mai shiru, wadda ba ta jin ƙyamar jini. Aikinta a kan tumakin nan ne da ke kamuwa da wani ciwo, su yi ta zagaye wuri ɗaya har su faɗi. Tsutsa ce ke yin wata 'yar jaka mai ruwa cikin ƙwaƙwalwarsu. Sa'adiya kan buɗe ƙoƙon kai a hankali, ta auna inda jakar ta danne, ta yanka ƙwaƙwalwar siriri ta duba a madubin ƙara girman abu. Kai takwas ake bukata kafin a yarda da aikin. A wata bakwai ta samu biyar, don irin waɗannan tumaki ba kullum ake kawo su kasuwa ba. Saura mako uku malamin da zai jarraba ta ya iso daga wata jami'a. In ba su cika ba, sai baɗi.

Duk biyar ɗin daga hannun Rabe suka fito, wani mahauci a Kurfi. In makiyayi ya kawo irin tunkiyar, Rabe ya yanka, ya kira ta, ta hau motar haya da kula cike da ƙanƙara, ya miƙo mata kan a leda da gashinsa da jininsa. Haka take so, haka kuma aikin yake so.

Wata safiya tana ofishin Dakta yana yi wa babinta na uku jan biro, sai wayarta ta yi ƙara. Rabe ne.

"Malama Sa'a, yau kin yi sa'ar kasuwa. Uku ne daga garke ɗaya, wani mutumin wajen Shema ya gaji da su. Yanzu zan sa wuƙa."

Dakta ya ji. Ya miƙa hannu, ta ba shi wayar, don ɗalibi ba ya hana malaminsa waya.

"Malam Rabe, Dakta Badamasi ke magana, shugaban binciken. Waɗannan kawuna suna da muhimmanci ƙwarai. Ni da kaina zan zo karɓa bayan azahar. A kula da su yadda ya kamata."

"Ranka ya daɗe, kai da kanka? To in Allah ya yarda ba za ka ji kunya ba."

Da ya aje wayar, Sa'adiya ta ce, "Malam, da ka bari na tafi yanzu. Baba Rabe ya saba da ni."

"Biyar ɗin da kika kawo, biyu sun ɗan yi laushi. Wannan karon za a yi shi bisa ƙa'ida."

Ya gama laccarsa ta sha biyu, ya je gida ya sa shadda da hula, ya ɗauko Sa'adiya a motarsa. Daga Dutsin-Ma har Kurfi yana yi mata bayani a kan yadda mai bincike ke ƙulla zumunci da jama'ar karkara. Ita kuwa tana riƙe da kula a cinya tana kallon gonakin dawa.

Ba su sami Rabe a rumfarsa ba. Aka ce yana gida yana jiran baƙo. A ƙofar gidan an share, an yayyafa ruwa, an shimfiɗa darduma a zaure. Rabe ya fito da fararen kaya, waɗanda Sa'adiya ba ta taɓa ganin sa da su ba. Ƙanshin citta da masoro ya cika zauren.

Aka gaisa, aka tambayi iyali, aka tambayi jami'a. Sannan Rabe ya leƙa cikin gida ya ce wa matarsa, "Rahamatu, a fito da su."

Aka fito da su a babbar kula mai fure. An babbake, an kankare, an sare da gatari, an dafa har nama na barin ƙashi.

Dakta ya dubi kular, ya dubi Rabe. "Ina kawunan?"

"Ga su nan duka uku, ranka ya daɗe. Ko kunne ba a taɓa ba."

"An dafa?"

"To da fa? Mutum kamarka ya tako har gidana, in miƙa masa kai da gashi a leda kamar wani mai kiwon kare? Ai da mahautan Kurfi sun daina gaishe ni. Ita Malama Sa'a 'yarmu ce, ko yaya aka ba ta babu komai."

"Baba Rabe, ƙwaƙwalwar fa?" in ji Sa'adiya.

"Tana cikin romo, 'yata. Wannan ruwan da kike nema, Rahamatu ta zubar, ta ce ba za a ba babban mutum ƙazanta ba."

Ban ga laifin Rabe ko na ƙwayar gero ba. An ce masa babban mutum zai zo, an ce a kula, ya kula iyakar saninsa. Wanda ya san sunan kowace jijiya da Turanci shi ne ya kasa faɗin kalma ɗaya, ɗanye.

Rabe ya zuba, ya tura kwano gaban baƙo. Ƙin ci cin fuska ne, Dakta kuma ya san haka. Ya naɗe hannun shadda ya ci. Ya ci kunci, ya ci harshe, Rabe na ƙara masa. Sa'adiya ta ce tana azumi, ko da yake an ga ta sha ruwa a mota.

A hanyar komawa ba lacca. Sai da suka kusa shiga gari Dakta ya yi gyaran murya.

"Za mu rubuta wa shugaban sashe cewa samfurin ya lalace a hanya. Zafi ya yi yawa."

"Zafi kam ya yi yawa, Malam," in ji ta. "Sai dai in an ce a hanya ne, ni ce mai ɗauko su. Za a ce sakacina ne, ba za a ƙara mini lokaci ba."

Ya sauke ta a ƙofar makaranta, ta fita da kularta, ƙanƙarar ta narke tana ɗiga.

Kwana biyu Dakta yana rubuta takardar yana yagawa. Mutumin da ya wallafa bincike ashirin ya rasa yadda zai jera layi huɗu. A rana ta uku ya kai ta da hannunsa. Shugaban sashen, Farfesa Alu, ya karanta, ya cire tabarau, ya sake karantawa.

"Badamasi, ka ce kai ka hana ta tafiya da safe?"

"Ni ne."

"Kuma kai ka sa aka dafa?"

"Ban ce a dafa ba. Amma saboda ni aka dafa."

"Nan ƙasa na ga ka rubuta an zubar da samfurin. Ina aka zubar?"

Dakta ya ce, "Na ci."

Farfesa ya kifa kai a tebur, kafaɗunsa na rawa don dariya. Da ya farfaɗo ya share ido, ya jawo biro ya ƙara wa Halimatu Sa'adiya wata biyu, ya ce a sanar da malamin da zai zo. Kafin la'asar labarin ya kai har wajen masu gadi.

Ranar kasuwa mai zuwa Sa'adiya ta shigo ofis ta ce za ta Kurfi, Baba Rabe ya samu ɗaya.

Dakta ya buɗe baki, da alama akwai shawarar da yake son bayarwa. Ya rufe. Ya ce, "Allah ya kiyaye hanya," ya ci gaba da duba takardun jarrabawa.