Ɗan Farin Tani

Tani ta Goron Dutse ba ta taɓa kiran sunan ɗanta Isiyaku ba. Ɗan fari ne, kuma mace mai kunya ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta ma yarda a gaban mutane cewa ita ta haife shi. “Wancan,” take cewa. Har ranar da ya ɗauki sanda ya bi hanyar Makka a ƙasa, babu fasfo babu komai, a bayan ƙyaure ta yi kukanta.

A Jidda ya zama ɗan garuwa. Wata rana faɗa ya kaure a bakin rijiya, ya ture wani, kan mutumin ya bugi dutse, shi ke nan. Alƙali ya yanke masa kisa. Jakadan Ingila a can ya ce zai nema masa afuwa wajen dangin mamacin, amma sai an tabbatar mutumin Kano ne, don mutanen ƙasashen da Faransa ke mulka ma da yawa haka suke cewa.

Ran nan da hantsi wani Bature ya zo zauren gidan su Tani, da tafintansa da mai unguwa. Maza suka cika wurin, har da dangin mijinta marigayi. Aka kira Tani, ta durƙusa a bayan asabari.

Tafinta yana ta duban agogo. Bai ce mata kisa ba, bai ce mata Jidda ba. Cewa ya yi, “Baba, wani Isiyaku, ɗanki ne?”

Kai! A gaban surukai? Tani ta ja mayafi ta rufe baki. “Ni ina na san shi,” in ji ta.

Duk wanda ke zauren ya san ma'anar wannan amsa, in ban da Baturen. Mai unguwa ya sani, amma ba ya so a ce mai kisan kai daga unguwarsa ya fito, sai ya kafa wa tabarma ido. Tafinta ma ya sani sarai, ɗan Ƙofar Ruwa ne, ba daga sama ya faɗo ba. Ya juya wa Baturen maganar yadda ta fito, tsirararta. Allah wadan naka ya lalace!

Sai da la'asar maƙwabciyarta Luba ta shigo a guje ta gaya mata dalilin tambayar. Tani ta fita ko takalmi babu, har ofishin Baturen da ke bayan ganuwa. Masinja ya tare ta a ƙofa, ya ce an riga an buga waya Jidda da amsarta, kuma Bature ya tafi rangadi. Ta koma washegari, ta sake komawa, har masinjan ya daina amsa gaisuwarta. Kowane zuwa “yaron nan” take cewa, bakin bai saba ba.

Bayan Babbar Salla alhazai suka dawo. Alhaji Gambo, wanda ya ziyarci Isiyaku a kurkuku kafin a fille masa kai, ya zo yi mata ta'aziyya.

“Ya ji abin da na faɗa?” in ji Tani.

“Ya ji. Mutumin jakada ne ya gaya masa.”

“Ya tsine mini?”

“Dariya ya yi,” in ji Alhaji Gambo. “Ya ce, ‘Ai haka za ta ce. Ni ɗan fari ne.’”

Tani ta miƙe, ta fita tsakar gida inda kowa zai ji.

“Isiyaku!” ta ce. “Isiyaku, ni na haife ka!”

Matan gidan suka sunkuyar da kai, don abin kunya ne.