Sawun Mai Takalma

A'a, tsaya, kar ka katse ni. Ka ce gaisuwa a hanyar daji ɓata lokaci ce, kana da taswira a waya, ba ruwanka da kowa. Na ji. In ka ɓace wayar ce za ta ce ta gan ka? Rufe min baki ka saurara.

Akwai wani mai gyaran takalma, shagonsa a ƙarƙashin matakalar wani bene, ɗan tsukuku, in ya miƙe ƙafa sai ta leƙa titi. Tagar shagon daidai gwiwar masu wucewa take, don haka duniyarsa kakaf daga gwiwa ce zuwa ƙasa. Ya san mai cinye dunduniyar hagu, ya san mai jan ƙafa. Fuska kuwa, ko oho. Ranar da surukinsa ya canja takalmi ya zo gaishe shi, kansa a sunkuye ya ce, "Ajiye nan, ka dawo jibi."

Da zama ya yi masa yawa, jini ya hau, sai aka ce masa a asibiti ya riƙa tattaki. Matarsa ta ce madalla, ga gandun daji nan bayan gari, wanda aka hana sara da farauta, akwai 'yar hanyar da take hawa har magangarar ruwa. Ya ɗinka wa kansa takalmi na musamman, ya yanko tafin daga tsohuwar taya, ya zana masa zane da wuƙa kamar ƙashin kifi. Ba mai irin wannan sawun a garin sai shi.

Ita hanyar nan siririya ce, hagu dutse, dama rami, kuma kowa ita yake bi: masu ƙafa, masu keke, masu goyo. To akwai yadda ake yi, kowa ya sani, shi ma ya sani. Mai saukowa shi yake raɓewa jikin dutse ya ba mai hawa hanya. Ku dubi juna a fuska, ku gaisa, kowa ya faɗa wa ɗan'uwansa abin da ya baro a baya: itace ya faɗi a wuri kaza, akwai zuma a kogon can, kar ka yi hayaniya. Ba don iyayi ake yi ba. In wani bai fito ba, masu gadin daji fuska suke tambaya, wa ya gan shi, a ina.

Ranar an kwana ana ruwa, gari ya waye itatuwa suna ɗiga. Tun daga ƙofar gandun matar ta soma gaishe-gaishe, duk wanda suka haɗu da shi sai ta tsaya.

Ya ce, "Maman yara, tattaki muka zo ko zaman makoki?"

Ta ce, "Baban yara, bakinka zai tsage ne in ka ce sannu?"

"Ni na yi gaba. Ki same ni a sama in kin gama zumuncin."

"Kar ka yi nisa, ka san ba ka san kowa ba."

"Na san takalmansu."

Ya sa kai. Ya iske wani tsoho yana hawa da sanda, yana lalube, da gani idon ya yi rauni. Tsohon ya ji motsi ya ce, "Sannu, mai zuwa, bari in..." Bai ƙarasa ba mai takalma ya bangaje shi da kafaɗa ya wuce. Abin da ya gani kawai, takalmin roba mai faci biyu, facin ma na ƙeta. Ya iso wata gadar katako a kan rami, yana takawa katako ɗaya ya ce ƙas, ya tsage, saura ƙiris ƙafarsa ta zurma. Ya tsallake ya yi tsaki. Gaba kaɗan ga 'yan mata suna saukowa, gadar suka nufa. Suka raɓe masa, suka gaishe shi. Ya dubi igiyar takalmansu, ya wuce, bai ce musu uffan ba, balle zancen katako.

Ya kai sama, ya zauna a kan wani kututture yana jiran matarsa, yana jin daɗin ya riga kowa.

Sai ya lura tsuntsaye sun yi shiru. Ruwan yana zuba daga dutse, yana ganinsa fari fat, amma ƙarar kamar daga cikin tulu take fitowa. Ya sosa kunne. Wani mai keke ya taho, ya wuce ta gabansa har tayar ta shafi gwiwarsa, ko ƙararrawa bai kaɗa ba. Mai takalma ya ce, "Kai makaho ne?" Mai keke bai waiwayo ba.

Can ga matarsa, tana haki, mayafi a kafaɗa. Tun daga nesa ya gane takalminta, shi ya sa masa dunduniya. Ya miƙe ya ce, "Sai yanzu?"

Ta wuce shi. Ta je wurin wasu mata da suke wanke hannu a bakin ruwa.

"Sannunku, bayin Allah. Ba ku ga maigidana ba? Gajere, mai sanƙo, kullum kansa a ƙasa kamar wanda ya yar da allura."

Suka ce ba su gan shi ba. Ɗaya ta ce, "Mun dai ji kamar wani ya wuce, amma ba mu ga fuska ba."

Ya matso har yana jin warin man da take shafawa. "Ke! Ga ni nan! Wasan ya isa haka!" Ya kama gefen mayafinta. Ta gyara mayafin kamar ƙaya ce ta riƙe shi, ta sa hannu a baki ta ƙwala kira, "Baban yara!" Kiran ya bi ta cikin kunnensa ya tafi daji.

Da mutum ya rikice, abin da ya saba shi yake yi. Mai takalma ya sunkuyar da kai. Laka ce a wurin, mai laushi, ta ɗauki sawun kowa: ga dunduniyar matarsa, ga layin tayar keke, har sawun ɗan tsuntsu ga shi nan rangaɗau. Ya nemi ƙashin kifi bai gani ba. Ya ɗaga ƙafa ya dira da ƙarfi, ya ɗauke. Lakar tana nan sumul kamar an shafe ta da hannu.

Matar ta yi gaba tana kira, shi kuwa ya juya ya bi hanyar gangara, yana cewa in ya kai ƙofa masu gadi dole su gan shi, aikinsu ne. Duk wanda ya haɗu da shi sai ya tsaya a tsakiyar hanya ya daka tsawa, "Ku dube ni!" Sai su karkata kaɗan su wuce, kamar yadda ake kauce wa kututture, hirarsu ko yankewa ba ta yi.

Kafin gada akwai wani faffaɗan dutse a gefen hanya. Ɗazu da ya wuce yana hawa bai ga kowa a kai ba. Yanzu ga ƙafafu biyu a jere, cikin takalmin fata, ɗinkin hannu irin wanda tun yana koyon aiki aka daina yi. Gansakuka ta rufe su kore shar, wata 'yar ciyawa ta tsiro ta ramin igiya.

Wata murya ta ce, "Kai ma ka iso?"

Ya ɗaga kai. Mutum ne zaune, hannu a gwiwa, fes da shi. Sai dai fuskar ba ta zama a ido. Kana kallonta, in ka ƙifta ka manta yadda take.

Mai takalma ya ce, "Kana ganina?"

"Sarai. Zauna, akwai wuri." Ya matsa gefe, kuma wurin da ya bari daidai zaman mutum ɗaya ne, har ya lotsa.

"Tun yaushe kake nan?"

"Yanzun nan. Iyalina nake jira, na riga su ne. Sun cika tsaye-tsaye, kowa sai sun gaisa da shi." Ya yi 'yar dariya. "Ɗazu na ji suna kirana. Sun daina. Za su dawo."

Ƙafafun mai takalma suka yi nauyi, dutsen kuma ya yi masa kyau, kamar kujerar shagonsa. Har ya soma lanƙwasa gwiwa, sai ya sake duban ciyawar nan da ta tsiro a takalmi, ta yi fure ma. Ya zabura a guje. Muryar ta biyo shi ba gaggawa, "Ina nan in ka gaji."

Ya tsallake tsagaggen katakon, ya sauka gadar. Ƙasa da ita kaɗan, inda hanya ta fi matsewa, sai ga ƙwas, ƙwas, sanda. Tsohon nan ne, har yanzu yana hawa abinsa. Mai takalma ya dubi facin roba, ya waiwaya ya dubi gada. Masu ido sun ga tsagar sun tsallake. Wannan da sanda yake gani, kuma sandar tana iya sauka a katako mai lafiya ƙafa ta sauka a ɗaya.

Ihu ya riga ya gwada, bai yi ba. Bai ma yi tunanin kansa ba a lokacin. Ya manna bayansa da dutse, ruwan sanyi yana bi masa wuya, ya bar hanyar fayau. Ya ɗaga kai ya dubi tsohon. Ashe yana da tabo a gira, ashe gemunsa gefe ɗaya ya fi tsawo, idanun sun yi fari kamar madara.

Ya ce, "Sannu, Baba. Sannu da hawa. Akwai gada a gabanka, katako ya tsage a tsakiya, ta dama. Ka bi hagu, ka riƙe igiyar gadar."

Tsohon ya taka ɗaya, ya taka biyu, har ya gota shi. Sai sandar ta tsaya. Ya juyo da kunne.

"Yawwa, sannu kadai, ɗana. Ta dama ka ce?"

"Ta dama, Baba."

Tsohon ya miƙo hannu ya shafa fuskarsa, goshi, hanci, har sanƙon. Ya shinshina. "Warin gam. Kai ne ka bangaje ni ɗazu."

"Ni ne."

"To, na gan ka. Riƙe min hannu mu haye, tunda ƙarfi ya yi maka yawa."

Ƙarar ruwa ta dawo masa gaba ɗaya, tsuntsaye suka ɓarke. Ya dubi ƙasa, ga ƙashin kifi a laka, ruwa yana taruwa a ciki.

Suna hayewa ga matarsa ta sauko, ido jajir, murya ta dishe. Ta dunƙule hannu ta sakar masa a kafaɗa.

"Ina ka shiga? Na tambayi kowa, har yara, ba wanda ya gan ka!"

"Maman yara, sannu."

Ta ja baya ta dube shi. "Me ya same ka? Ka faɗi ne?"

Suna raka tsohon gaba kaɗan, da suka zo faffaɗan dutsen nan ya tsaya, ya ce, "Sannu, bawan Allah. Iyalinka sun sauka, hanya lafiya lau, ka bi su." Matar ta ce da wa yake magana. Ba kowa a kai, sai gansakuka da wuri biyu da suka lotsa. Har ya tsufa bai daina gaishe da dutsen nan ba, kuma ya sa an fasa masa bango an ɗaga tagar shago.

Me ka ce? Yau ka bi ta wurin, ba ka ga kowa a kan dutse ba, ba ka gaishe da kowa ba, ga ka nan garau? To madalla. Ni dai tun ɗazu murya nake ji. Ruwa ake yi a waje, ka faɗo min ɗaki ba sallama, da takalmi, yanzu na goge daɓen nan. Duba min, ina sawunka? Koma bakin ƙofa ka yi sallama, mu gani ko zan gan ka.