Shukar Wiwin Tomke

Tun da matar Eilert Boomgaarden ta rasu, yayarsa Tomke ta dawo gidan iyayensu da zama, suka raba shi biyu ba tare da sun zauna sun yi magana ba. Shi ya ɗauki benen da farfajiyar gaba, ita ta ɗauki ɗakin ƙasa da ɗakin gilashin da ke bayan gidan inda mahaifinsu ya saba shuka tumatir. Eilert tsohon ma'aikacin banki ne a garin Leer, yana cikin mawaƙan cocin ƙauyen, kuma mutum ne da ko shara zai fitar sai ya taje kansa. Tomke kuwa ciwon gaɓoɓi ya riga ya tanƙware mata yatsu. Da doka ta ba kowane baligi damar shuka wiwi har tushe uku a gidansa, ba ta nemi shawarar kowa ba, ta sayo iri.

"Yaya, me mutane za su ce?"

"Su ce Tomke ta samu barci. Miƙo min bokitin can."

Duk bazarar nan a kan idonsa ta rene su. Da suka kai tsawon kamu biyu, ta kira shi ya riƙe mata tukunya, ta sa almakashi ta tsinke ɗan tohon da ke can ƙololuwa. Ya ce ai ta kashe abin. Ta yi masa dariya, ta ce in aka bar ta da kai ɗaya sai ta miƙe kamar sandar tuta har ta doki rufi, amma in an cire kan tun tana ƙarama sai ta fito da biyu. Haka kuwa aka yi. Daga baya ta riƙa lanƙwasa rassan a hankali, yau kaɗan gobe kaɗan, tana ɗaure su da zaren ulu a bakin tukunyar, har kowace shuka ta baje kamar faifai, rana na samun kowane reshe. Ƙulli ɗaya kan ɗauke ta lokaci mai tsawo saboda yatsun, amma ba ta yarda ya ɗaura mata.

"Hannunka na ƙirga takarda ne. Za ka karya min su."

Farkon Satumba shukokin suka cika da huda, kawuna masu danƙo a kan kowane reshe, ƙamshinsu na tsallake shinge. A lokacin ne asibiti ya kira Tomke aikin ƙugu da ta daɗe tana jira. Kafin ta shiga mota ta ce masa ruwa kawai zai ba su, ya buɗe taga da rana, kada ya taɓa komai, saura 'yan makonni su nuna.

Tana can gidan jinya sai Insa, 'yar Eilert, ta bugo masa waya. Ranar Lahadi za ta kawo iyayen saurayinta daga Oldenburg su sha shayi. Uban saurayin kuwa alƙali ne da ya yi ritaya.

Eilert ya goge tagogi, ya fito da kofunan marigayiya masu zanen fure, ya sayo dunƙulen sukari da madara mai kauri. Ranar Asabar ya fita bakin titi ya tsaya kamar baƙo, ya shaƙi iska. Warin yana nan. Ya rufe ƙofar ɗakin gilashin, ya toshe ƙasanta da tsumma, ya koma titi. Yana nan dai. A zuciyarsa ya hango alƙalin yana sauka daga mota, yana ɗaga hanci, yana duban matarsa. Ya hango Insa tana sunkuyar da kai.

Ya gaya wa kansa ai ya ga yadda take yi. In an cire kai ɗaya, biyu ke fitowa. Ya san sarai wannan maganar ta ƙaramar shuka ce, amma ya riƙe ta har ya gama. Ya bi rassan ɗaya bayan ɗaya da almakashin, danƙo na manne masa a yatsu, ya cika baro, ya tura shi ƙarshen lambu, ya tona tarin taki ya binne. Ya wanke hannu da sabulu har fatar ta yi ja.

Baƙin suka zo cikin yayyafi. Alƙalin ɗan gajeren mutum ne mai yawan dariya, ya ci kek yanka biyu yana ba da labarin kamun kifi. Matarsa Gesa ta riƙe kofinta da hannu biyu, kuma a nan Eilert ya lura da yatsunta. Irin na Tomke ne.

"Na so na tarar da yayarka," in ji ta. "Insa ta ce tana da hannu a shukar nan. Ni nawa sun yi ta tsawo har na rasa yadda zan yi da su. Ko za ka nuna min yadda take ɗaure rassan?"

Alƙalin ya ce, "Nuna mata don Allah. Barandarmu ta zama daji."

Eilert ya ajiye cokali. Ya ji bakinsa yana cewa ruɓa ce ta kama su, damshi ya yi yawa bana, dole ya cire. Gesa ta yi ta jajanta masa, har ta dafa hannunsa. Insa ta tashi ta ce bari ta leƙa lambun. Da ta dawo gashinta a jiƙe, ta zauna ba ta dubi gefensa ba. Sai da suna tafiya, a bakin ƙofa, ta ce a hankali, "Baba, kai za ka gaya wa Goggo. Ni ba ruwana."

Bai gaya mata ba. Ya je duba ta sau da yawa da inabi da jarida, duk sanda ta tambayi shukokin sai ya ce yana ba su ruwa. Gaskiya ne kuma, yana ba su. Kullum da safe yakan tsaya gaban kututturan da suka rage, da zaren ulun a jikinsu, ko zai ga toho. 'Yan ganye ne kawai suka leƙo suka yi rawaya.

Ranar da ya ɗauko ta, ko rigar sanyi ba ta cire ba ta dogara sandunanta biyu ta nufi ɗakin gilashin. Ya bi ta da jaka a hannu yana zuba: ruɓa, damshi, yadda abin ya bazu cikin kwana biyu. Ta ce ya kawo mata kujera. Ta zauna, ta jawo reshe guda, ta shafa bakinsa da babban yatsa.

"Ruɓar ta iya yanka, ka gani? A karkace, yadda nake yi."

Ya ajiye jakar.

"Ina kawunan?"

"A taki."

"Duka?"

"Duka, Yaya."

Ya jira ta yi faɗa. Da ta zage shi kamar lokacin da suna yara, da ya samu sauƙi. Sai ta tambayi yadda baƙin suka kasance, ko mutanen kirki ne. Ya ce na kirki ne. Sannan, don ba abin da ya rage ya ɓoye, ya gaya mata maganar Gesa da yatsunta. Tomke ta yi wata 'yar dariya ta hanci.

"Da ina gida ranar, ni ma ɗaki za ka kulle ni?"

"Haba Yaya."

"Tambaya ce, Eilert."

Ya dubi ƙasa.

Ta sa shi ya tumɓuke kututturan, ya zubar da ƙasar, ya wanke tukwanen, tana zaune tana kallo har ya gama. Washegari ta aike shi kantin magani ya karɓo mata ƙwayoyin ciwon gaɓoɓin da ta daina sha saboda suna tayar mata da ciki. Ta koma shan su, ta koma ture abinci bayan loma uku, shi kuma yana zaune gabanta yana kallon kwanonta.

Da sanyi ya fara shiga, ta ce za ta yi hunturun a Leer wajen ƙawarta Almuth, gidan yana da ɗumi kuma kusa da likita. Bai ce kada ta je ba. Ya kai ta da mota, ya shigar da akwatunanta, ya gyara wa Almuth ƙofar kabad da ke ƙara tun ba a roƙe shi ba. Tomke ta rako shi har bakin ƙofa a kan sandunanta, ta ce ya riƙa cin abinci mai zafi, kada ya zauna da burodi kawai. Ya ce to. Ya daɗe a cikin motar kafin ya tayar da ita.