Na'urar da Aka Sauya Ranar Laraba

Farfesa ya ƙi zama a kujerar da na jawo masa. Ya tsaya daga ƙafar gado yana kaɗa makullin mota, yana yi wa kwalaben maganin da ke kan taga kallon ƙyama. Ni kuwa na ci gaba da matse tsumma a roba. Wata uku ina shigowa ina juya maƙwabcina a gado, ba wani mai kwat da zai zo rana ɗaya ya sa ni fita.

Mai Madubi muke ce wa maƙwabcin nawa a benenmu, don shekara ashirin da shida ya yi a ɗakin gwajin jami'a yana daidaita ƙananan madubai. Ni tela ce, amma surutunsa ya koya mini aikin ko ina so ko ba na so. Ana sako haske ƙwaya-ƙwaya, a ba shi hanya biyu, na'ura ta ƙirga inda ya faɗa. In ka toshe ta hagu ka ƙirga, ka toshe ta dama ka ƙirga, ka haɗa, ba zai zo daidai da abin da za ka samu in duka biyun a buɗe suke ba. Har amsar da awo zai bayar, in ji shi, ta danganta da wane awon aka yi tare da shi. Na ce masa ashe hasken ma munafuki ne, sai ya ga wa ke wurin kafin ya yi magana.

Shekara shida da suka wuce, lissafinsu ya zarce iyakar da masana suka ce ba a wucewa. Farfesa, ogansa a ɗakin gwajin, ya rubuta takardar bincike, ya yi ta yawon taro, ya ajiye tumbi. Abin da Mai Madubi ya kira shi ya faɗa masa a wannan zuwan shi ne, ana tsakiyar awon kwana biyar na'urar ƙirga ɗaya ta mutu ranar Laraba, shi kuma ya ɗauko wata daga kabad ya maƙala, wadda ta fi ta farko jin haske. Tsoron faɗa ya hana shi magana. A littafinsa kawai ya rubuta.

"Ranka ya daɗe, ƙarin nan ba na haske ba ne," ya ce da ƙyar. "Nawa ne."

"Zazzaɓi ke sa ka wannan magana. Ka huta."

"Ɗalibarka shekara biyu tana maimaita gwajin bai fito ba. Ka ce hannunta ne bai iya ba. Ranar Litinin za ku sallame ta, kuma ba ta da laifi."

Farfesa ya tsallake maganar ɗalibar. Littafin ya tambaya, wai zai adana masa. Mai Madubi ya rufe ido. Sai ga babban mutum, mai digiri rututu, yana jan aljihun teburin marar lafiya ɗaya bayan ɗaya, wai katin asibiti yake nema. Da ya gaji ya juyo, karon farko da ya ga akwai mutum a ɗakin.

"Baiwar Allah, kin ga wani littafi mai baƙin bango?"

"Ni tela ce, yallaɓai. Ina ni ina littafi?"

Littafin kuwa tun makon jiya yana ƙarƙashin yadudduka a ɗakina. Farfesa ya yi tsaki ya fita, ko "Allah ya sawwaƙe" bai ce ba.

Shi ma Mai Madubin ban ƙyale shi ba. Na ce masa shekara shida yana kallon ana tafa wa Farfesa, shekara biyu yana kallon 'yar mutane tana ramewa a gabansa, sai da ya ji ƙarfi ya ƙare ya tuna da gaskiya. Bai musa ba. Ya roƙe ni in ba ta littafin hannu da hannu, na ce na ji. Haushinsa nake ji, tausayinsa kuma na cin raina.

Ya rasu ranar Asabar da hantsi, ina ɗumama masa ruwa. Farfesa ya aiko direba da wasiƙar ta'aziyya shafi biyu, rabinta labarin takardarsa ne.

Ɗalibar ta zo ranar Lahadi da rana, siririya, jakarta cike da tarkacen da ta riga ta kwashe daga teburinta. Ta ce duk ɗakin gwajin marigayin ne kaɗai bai taɓa yi mata dariya ba. Na cije leɓe, na miƙa mata littafin, na ce ta duba inda aka lanƙwashe shafin ranar Larabar nan.

Da ta fita, ba ta iya kaiwa ƙasan bene ba. A matakala ta huɗu ta zauna, jakar a gefenta, ta buɗe. Ta ɗora yatsa a kan layin, ta koma farkonsa, ta sake bi. Na bar ƙofata a buɗe na zauna gaban keken ɗinki, ƙafata a kan feda, ban taka ba.